Yadda Ake Sauya Kwamfreson Esi a Tsohuwar Bas Mai Injin Dizil

Daga ƙarshen Fabrairu, hunturu na janyewa zafi na kunno kai, a nan ne masu tsofaffin motocin dizil a Zariya suke komawa kan esi: masu Coaster da Hiace da Sprinter, da masu manyan motocin nan da aka yi wa gado da kicin a ciki. A kunna a ji ƙara, ko a ji iska mai ɗumi kawai. Mai gyara ya leƙa ya ce kwamfreso, wato famfon da ke matsa gas ya tura shi cikin layin esi, ya tafi. A sayo wani a ɗaura, a ɗura gas, kafin damina ta sauka ya sake mutuwa. Dalili kuwa shi ne kwamfreso bai cika mutuwa haka kawai ba. Ƙarancin man kwamfreso, datti a cikin layi, zafin da ya wuce kima ko gas marar kyau ne ke kashe shi, kuma muddin ba a kawar da abin da ya kashe na farko ba, shi zai kashe na biyu. Kwance ƙusoshi huɗu da ɗaura sabo shi ne mafi ƙanƙantar aikin.

Bayanin nan ya shafi kwamfreson da injin mota ke juyawa da fanbel. Akwatin esin da ke kan rufin motar kwana, wanda ke aiki da janareta ko wutar gida, wani tsari ne daban a rufe, ba ya haɗuwa da wannan.

Fara tabbatarwa shi ne ya lalace

Injin yana kashe, kama farantin da ke gaban fulin kwamfreso ka juya da hannu. Lafiyayye yana juyawa sumul da ɗan nauyi. In ya ƙi motsi ya cije. In yana juyawa sakayau babu nauyi ko kaɗan, ko kana jin gurzawa, cikinsa ya tafi.

In yana juyawa daidai amma ba ya kamawa idan an kunna esi, kada ka yi gaggawar yanke masa hukunci. Duba fis da rile, sannan ka sa mita a wayar kuloci, wato maganaɗisun da ke manna faranti da fuli, ka ga ko wuta na isa. Nadin wayar kuloci mai bolt 12 yakan nuna om 3 zuwa 5, na bolt 24 kuma kusan ninki huɗu na wannan. Tazarar da ke tsakanin faranti da fuli ta kasance milimita 0.4 zuwa 0.8. In ta buɗe fiye da haka, kuloci zai kama da safe, rana na yi ya saki, kuma cire siririn zoben ƙarfe (wasa) ɗaya daga bayan farantin yakan magance shi. Ƙarar da ake ji ko esi a kashe yake, ta ɓace ko ta sauya in an kunna, yawanci boris ɗin fuli ne, ana sauya shi shi kaɗai.

Sai ka ɗaura geji, wato agogon auna matsin gas: shuɗin tiyo a ƙaramin matsi, ja a babban matsi. Injin a kashe kuma ya huce, allurai biyun za su tsaya wuri ɗaya. Gas R134a yakan nuna kusan psi 97 in zafin gari digiri 30 ne, kusan 114 a digiri 35. In ka tarar da 20 ko 30, gas ne ya zurare, maɓallin matsi ne ya hana kuloci kamawa don kare kwamfreso. In kuwa kuloci ya kama, injin na aiki, amma shuɗi ya tsaya sama wajen 70 ja kuma ya kasa wuce 130, kwamfreso ba ya turawa. Wannan ne ake sauyawa.

Sayen wanda ya dace

Kada ka je kasuwa da sunan mota kaɗai. Ɗauki hoton takardar da ke jikin tsohon kwamfreson, ko ka tafi da shi in ka riga ka kwance. Waɗanda aka fi gani a irin waɗannan motoci su ne Denso 10PA15 da 10PA17, Sanden SD7H15 da SD5H14 da ake kira 508, sai TM-16 da TM-21 a manyan bas-bas. Abu biyar dole su yi daidai: wurin zaman ƙusoshi, bakin da tiyo ke shiga a baya ko a sama, faɗin fuli, irin ramin fuli (na fanbel mai siffar V ko mai layi-layi irin 6PK), da ƙarfin wutar kuloci. Na ƙarshen nan shi ake yawan yin tuntuɓe a kai. Coaster mai injin 1HZ bolt 24 take, Hiace mai injin 5L da Sprinter bolt 12. Kulocin bolt 12 a kan wutar 24 zai ƙone, na 24 a kan 12 zai riƙa zamewa har ya cinye farantinsa.

In Sabon Gari babu, akan samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Game da na Beljiyam, ra'ayinmu shi ne asalin Denso ko Sanden da aka cire daga mota ya fi sabon jabu, da sharaɗin bakunansa a toshe suke. Wanda aka bari a buɗe a kan tebur, ƙurar hunturu da laima sun riga sun shige shi. Kafin ka biya, karkata shi ka ɗiga mansa a farar takarda. Mai garau ko ɗan rawaya, madalla. Baƙi ko mai ƙyalƙyalin ƙarfe, ajiye musu abinsu. Sannan toshe bakin fita da babban yatsa ka juya farantin, ya kamata ka ji yana ture yatsan.

Tare da shi ka sayi sabuwar diraya (ɗan tulun da ke tace datti da laima daga gas), bawul ɗin ispanshan mai daidaita shigar gas wurin sanyaya iska (biyu in motar tana da na gaba da na baya), korayen zoben roba, fanbel, man kwamfreso a gwangwanin da ba a buɗe ba, da ruwan wanke layin esi. Kayan aiki kuwa: geji, famfon bakum mai zuƙe iska daga layi, sikelin gas, tulun naitirojin mai ragileta, kofin awo mai layin mililita, sufana biyu-biyu, tabarau da safar hannu.

A kula da shekarar mota. Kafin wajajen 1993 zuwa 1995 gas R12 ake amfani da shi, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina. Alamarsa bakin ɗura gas mai zare, irin na bakin taya, na R134a kuwa danna-kama ne. Man R12 ba ya tafiya da R134a. Motar da ba a taɓa juya ta zuwa R134a ba tana bukatar wanki sosai, sababbin bakunan ɗura gas, man kwamfreso irin POE, sannan a zuba R134a kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin da aka rubuta wa R12.

Kwancewa

A fara janye gas da injin janye gas zuwa tulu. Sakinsa a iska yana illa ga yanayi, kuma haɗari ne ga mai aikin: R134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, ɗigo ɗaya a ido ya isa ya yi ɓarna, in ya taɓa harshen wuta kuma yana zama hayaƙi mai guba. Kada a yi kusa da mai walda.

Geji ya sauka sifili, cire kan batir mai alamar (−). Zana hanyar fanbel a takarda, sassauta fulin ɗaurewa, cire fanbel. Zare wayar kuloci. Wanke wajen bakin tiyo tas kafin ka kwance, don ƙasar da ta daskare a wurin neman hanyar shiga take. In haɗin na noti ne, riƙe ɗaya da sufana ka juya ɗayan, in ba haka ba bututun alminiyam zai murɗe. Kowane baki ka buɗe, toshe shi nan take da marfi ko leda mai tsabta da roba. Sai ƙusoshin jiki. Kwamfreso yana kai kilo 6 zuwa 8, tallabe shi kafin ƙusa ta ƙarshe ta fita.

Tsaya ka duba biraket ɗin da yake zaune a kai. Injin dizil yana da jijjiga, musamman a silo, ga ramukan hanya, don haka tsagewa a kusa da ramin ƙusa ko ramin da ya zama ƙwai ba baƙon abu ba ne. Biraket mai tsaga yana karkatar da fuli, fanbel ya riƙa cin gefe, boris da sil ɗin gaba su tafi.

Abin da man tsohon zai gaya maka

Kwance ƙusar zubar da mai in akwai, kifa kwamfreson a kan kofin awo, ka riƙa juya farantin har ya daina ɗiga. Rubuta adadin, sannan ka kalli man a hasken rana.

In garau yake babu gari, kwamfreson yoyo ya yi ko tsufa, layin bai gurɓata ba. In ɗan kaɗan ya fito, cokali ɗaya ko biyu, yunwar mai ce ta kashe shi, kuma wannan na nufin an daɗe ana ƙara gas ba a gyara yoyo ba. Gas ne ke ɗauko mai ya dawo da shi kwamfreso, in gas ya yi ƙasa mai sai ya kwanta a ibaporeta, wato sashen da ke sanyaya iskar cikin mota. Nemo wurin yoyon: duk inda ka ga jiƙaƙƙiyar ƙura baƙa ta manne a haɗin tiyo ko a kusurwar kwandansa, mai kama da lagireto da ke huce zafin gas, nan ne. In kuwa man baƙi ne ko toka-toka, ka murza a yatsa ka ga ƙyalƙyali, fistin sun niƙe kuma garin ya bi layi. Leƙa bakin tiyon fita da tocila, za ka ga baƙin shafe a bangonsa.

A wannan hali na uku wanki wajibi ne, kuma gaɓa-gaɓa ake yinsa. Raba tiyo, kwandansa da ibaporeta kowanne daban. Tura ruwan wanki ta kishiyar hanyar da gas ke bi, tare shi a farin ƙyalle a ɗaya bakin, maimaita har ya fito fes, sannan ka busar da naitirojin har warinsa ya ɓace. Ba a wanke kwamfreso, diraya, bawul ɗin ispanshan, ko tiyo mai ɗan tulu a tsakiyarsa, waɗannan sauyawa ake yi. Fetur da kananzir ba kayan wankin esi ba ne: kananzir ba ya bushewa, yana tsinka sabon mai.

Kwandansa sai an duba irinta. Tsohon samfuri mai bututu ɗaya da ke lanƙwasa yana kai da komo yana wankuwa. Mai tanki biyu a gefe da siraran bututu a jere ba ta wankuwa, domin ramukanta ƙanana ne ƙwarai, ruwan wanki zai bi ta buɗaɗɗun ya bar toshassun, daga baya zafi da matsi su saki garin ya koma sabon kwamfreso. In man ya nuna ƙarfe, a sayi sabuwa. Kuɗinta bai kai na kwamfreso na biyu da gas na biyu ba. A bas mai ibaporeta a baya ko a rufi, dogayen bututun da ke bin ƙarƙashin mota suna riƙe mai da datti da yawa, su ma a wanke su ɗaya bayan ɗaya.

Awon mai

Nan ne aikin ya fi bukatar natsuwa. Wani sabon kwamfreso yana zuwa da man da ya ishi dukan layi, wani da ɗan kaɗan, wani a bushe. Kada ka yi zato. Zubar da nasa a kofi mai tsabta ka auna.

In ba a wanke layi ba, tsohon mai yana nan a ciki, don haka ka mayar wa sabon daidai adadin da ya fito daga tsohon, ka ƙara kusan mililita 20 zuwa 30 saboda sabuwar diraya, da kusan 30 in an sauya kwandansa. In an wanke komai, sai a zuba cikakken adadin da kamfanin motar ya rubuta, rabi a kwamfreso, sauran a raba tsakanin diraya, kwandansa da ibaporeta. Mota mai esin baya tana cin mai fiye da mai na gaba kaɗai. Mai ya yi kaɗan, kwamfreso ya cije. Ya yi yawa, ya shafe cikin bututu sanyi ya ragu, matsi ya hau.

Irin man ma da magana. Denso na amfani da ND-Oil 8, wanda yake PAG 46. Sanden na da nasa, SP-10 ko SP-15 ko SP-20, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa. Man PAG yana zuƙar laima daga iska da sauri, kuma laima in ta haɗu da shi da gas tana zama asid. Gwangwanin da aka buɗe tun bara, ko man da ake aunawa a gorar ruwa, ba ya shiga sabon kwamfreso. Baƙin man inji ko man firji kuwa ko kusa.

Ɗaurawa

Bayan zuba mai, tsayar da kwamfreson fuli na kallon ƙasa na minti biyu ko uku don mai ya jiƙa sil ɗin gaba. Ɗora shi a biraket, sa dukan ƙusoshi da hannu tukuna, sannan ka ɗaure su bi da bi a gicciye. Ƙusa M8 a jikin alminiyam wajen Nm 25 ta isa. Wanda ya matse ɗaya tamau kafin sauran yana iya murɗe gangar jikin. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin kwamfreso da na inji ka ga sun yi layi ɗaya.

Kowane haɗi sabon zoben roba, a shafa masa man kwamfreso, a tabbatar ya zauna a raminsa. Zoben ne ke riƙe gas, matse noti fiye da kima tsaga shi yake yi. Sa bawul ɗin ispanshan, in mai ɗan wutsiyar jan ƙarfe ne a ɗaure wutsiyar a bututun fita daga ibaporeta a naɗe ta da abin rufewa yadda aka same ta. Diraya ita ce ƙarshe, kada a cire marafanta sai lokacin ɗaurawa, kuma a bi alamar shiga, wadda ke kallon kwandansa.

Tiyo sun hau, juya farantin da hannu sau 10 zuwa 15 don man da ya taru a kan fistin ya fita. Mai ba ya matsuwa, in injin ya fizge shi haka bawul ɗin ciki na iya karyewa tun daƙiƙar farko. Sa fanbel. Mai siffar V, in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa da ƙarfi ya lotsa kusan santimita 1.

Gwajin yoyo da bakum

Cika layin da naitirojin zuwa psi 150, shafa ruwan sabulu a kowane haɗi, ka bar shi rabin awa kana kallon allura. Kada a taɓa amfani da iskar oksijin ta masu walda, haɗuwarta da mai fashewa ce. Iskar mai faci kuma ruwa take ɗauke da shi.

Allura ba ta motsa ba, saki naitirojin ka haɗa famfon bakum a tiyon tsakiya, buɗe bawul biyun. Ƙaramar mota minti 45, bas mai dogon layi awa ɗaya ko fiye. Manufar ita ce ruwan da ke ciki ya tafasa ya fita, kuma wannan lokaci yake ci. Zariya tana sama da teku da fiye da mita 600, saboda haka geji ba zai kai inci 29.9 da littattafai ke faɗa ba, zai tsaya wajen 27 da rabi zuwa 28, kuma hakan daidai ne. Mai gejin maikiron ya nemi 500. Rufe bawul, kashe famfo, jira minti 15 zuwa 30. In allura ta hau, akwai yoyo ko sauran laima. Masu amfani da tsohon kwamfreson firji a matsayin famfo, ko masu hura gas ta gefe ɗaya ya fita ta ɗaya, ba sa cire ruwan. Sakamakonsa esi ya yi sanyi minti goma ya ɗauke, a kashe a kunna ya dawo, domin ƙanƙara ce ke toshe bakin bawul.

Ɗura gas

Da sikeli ake ɗura gas. Adadin yana kan takardar da ke ƙarƙashin bonet, jikin ƙofa ko kusa da injin, kuma bas mai ibaporeta biyu tana iya cin ninki biyu ko uku na ƙaramar mota. Sayi gas wurin wanda ka amince da shi. Akwai tulunan jabu da aka gauraya da R22 ko R40. Na farko yana hawar da matsi ya ci roba, na biyu yana cin alminiyam har ya haifar da abu mai kama wuta. Gwaji mai sauƙi: tulun da ya wuni a inuwa, matsinsa ya yi kusa da lissafin da ya gabata. In zafin gari digiri 30 ne ka ga 150, ba R134a zalla ba ne. Gas ɗin firji R600a mai kama wuta ne, ba shi da wuri a motar fasinja.

Ɗora tulu a sikeli, fitar da iskar da ke tiyon tsakiya. Injin a kashe, kifa tulun ka buɗe jan bawul, bakum zai zuƙi kaso mai yawa. Ya tsaya, rufe ja ruf, miƙe tulun tsaye. Tayar da inji a bar shi a silo, kunna esi da fanka a ƙarshe, na gaba da na baya, tagogi a buɗe. Ƙarasa sauran ta shuɗin bawul a hankali har sikeli ya nuna adadin. Abu biyu ba a yi: buɗe jan bawul injin na aiki, don matsin zai koma tulu ya iya fasa shi, da kifa tulu ta shuɗin gefe, don ruwan gas zai daki fistin.

Bar shi a silo minti biyar kafin a taka totur, sannan a riƙe a juyi 1,500 a minti. A zafin digiri 35, shuɗi yakan zauna tsakanin psi 30 da 45, ja tsakanin 200 da 275. Taɓa bututu: mai kauri da ke komawa kwamfreso ya yi sanyi har da raɓa, siririn da ke fita ya yi zafi. Allurai biyun sun yi ƙasa, gas bai isa ba. Shuɗi ya faɗi kusa da sifili, akwai toshewa a bawul ko diraya, in ka ga farin sanyi a jikin dirayar ita ce. Duka biyun sun hau, gas ya yi yawa, ko iska ta shiga, ko kwandansa ba ta hucewa. Watsa mata ruwa: in ja ya sauko nan da nan da yawa, matsalar iskar da ke hura kwandansa ce.

Wannan ta ƙarshe ita ta fi yawa a nan. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayi da leda suna cushe tsakanin kwandansa da lagireto inda ido ba ya gani, a bas ɗin da kwandansarta ke ƙarƙashi kuma laka ce ke like ta. Wanke ta da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, don matsin injin wankin mota yana kwantar da haƙoranta. Tabbatar kowace fankar lantarki tana juyawa, kuma ta fuskar da ta dace, domin wayar da aka haɗa a juye tana sa fanka ta tura iska baya. In wani ya taɓa haɗe wayoyin maɓallin matsi don kuloci ya riƙa kamawa dole, a raba su a sa sabon maɓalli, shi ne ke tsayar da kwamfreso kafin ya ƙone.

Bayan mako ɗaya a sake duba fanbel, sabo yana saki, a kuma bi haɗe-haɗen da ido ko akwai jiƙar mai. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a riƙa kunna esi minti 10 kowane mako ko ba a bukatar sanyi, don mai ya zaga ya jiƙa sil ɗin gaba kada ya bushe ya fara zubar da gas.